Tsage da gashin zabo a kogin Yamai

Tsage ba kifin da ake rububi a kansa ba ne a kasuwa. Ƙaya ta yi masa yawa, in za a ba yaro sai an zauna kusa da shi ana tsince masa. Masunta ma ba su cika murna da shi ba, domin in ya faɗa kalli da haƙoran nan nasa masu shiga tsakanin juna, sai a yini ana ɗinkin raga. Mai kuɗi giwan ruwa yake tambaya, mai matsakaicin ƙarfi ya sayi karfasa ko tarwaɗa, wanda aljihu ya yi wa nisa kuma ya koma kan kifin kwali mai ƙanƙara da ake kawo mana daga bakin teku. To wannan tsagen da aka raina, shi ke tashe ni tun kafin kiran assalatu a ranakun da babu aiki, daga sanyin hunturu har faɗuwar ruwan farko.

Ni Ba'adare ne, haifaffen Tawa, inda ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na tabki. In muna son ganin kifi da yawa yana motsi, sai an kama hanyar Agadas an tsaya Tabalak. Kogi kam sai da aiki ya kawo ni Yamai na gan shi, kuma na daɗe ina haye gadar Kennedy zuwa Harobanda ba tare da na leƙa abin da ke ƙarƙashina ba. Haka yawancinmu muke a garin nan. Kogi wurin wankin darduma ne da mota, ko inda ake zuwa da yamma a ci tsire a sha iska. Sandar kamun kifin da ta sa na fara kallon ruwa, wani ƙanin mahaifiyata da ke zaune a Beljiyam ya zo mini da ita. A kasuwar gwanjo ya same ta. Ya miƙo mini yana dariya, ya ce, "Ungo, ga abin da Nasara ke kashe ranar Lahadi da shi."

Fatsar da muka sani tun muna yara nauyinta a ƙarshe yake: ƙugiya, tana, da ɗan dalma ko tsakuwa. Nauyin nan ke jan zare idan aka wurga. A wannan sun na ƙwaron gashi an juya lissafi. Abin da ke ƙarshen zare ƙugiya ce da aka naɗe da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi, kuma ba ta da nauyin da za a ce an jefa ta. Igiyar ce mai nauyi. An yi ta da kauri, an lulluɓe ta da roba, tsawonta wajen mita 27, sandar kuma ba ta cika mita 3 ba. Kana kaɗa igiyar baya, ka dakata ta miƙe a iska, sannan ka kaɗo ta gaba kamar bulalar makiyayi, ita za ta ɗauki ƙwaron ta sauke shi bisa ruwa. Dakatawar nan ta baya ita ce duk wuyar abin. Mai gaggawa zai ji ƙarar "tas", ya duba ya tarar ƙwaronsa ya tsinke ya tafi. Mai nawa kuma igiyarsa za ta zube cikin ciyawa. Ƙarfi ba ya ƙara komai, shi ya sa ƙato ke shan kunya a gaban siririn yaro.

Dabarar ta tsufa ƙwarai. Wani marubucin Rum mai suna Aelian, wanda ya rayu wajen shekara ta 200 miladiyya, ya ba da labarin mutanen Masidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin wuyan zakara biyu, su kama kifi da shi. A 1496 an buga wani ɗan rubutu a Ingila mai bayanin ƙwarin gashi 12, kowane da watan da ake amfani da shi. Mutanen tsaunukan Japan suna da tasu, tenkara, sanda da zare da ƙwaro kawai, babu ma abin naɗe igiya. Mutanen Masidoniya da na tsaunin Japan ɗin nan abin miya suke nema. Kayan tsada da riguna masu aljihu ashirin daga baya suka shigo, kuma su ne ke sa mutum ya zaci abin ba namu ba ne.

Ban taɓa ganin ƙwaron gashi a Babbar Kasuwa ko Katako ba, don haka da hannuna nake ɗaurawa, kuma nan ne rabin daɗin yake. Ƙugiya ina saye wajen masu kayan su, mai kauri wadda ba ta miƙewa, in zo gida in wasa bakinta har ta riƙa kama farce. Zare na tela ne. Gashin zabo kyauta nake samu wajen masu fige kaji a kasuwar Wadata. Ɗigo-ɗigon nan nasa baƙi da fari, in ya jiƙa yana motsi, kifi na ɗaukarsa da rai. Jikin ɗan kifi kuwa da gashin doki nake yi, wanda mata ke ƙari da shi wajen kitso: fari a ciki, baƙi ko ruwan toka a baya, da ɗan ja kaɗan a wuya. Uwargida ta gaji da ɓatan nata, yanzu in za ta kasuwa sai ta tambaye ni wane launi ya ƙare. Idanu daga sarƙar makulli mai ƙananan ƙwallaye nake yankowa, ƙwallo biyu, in ɗaure su a bayan ƙugiya. Ba don ado kawai ba. Nauyinsu ke juya ƙugiyar ta riƙa tafiya baki sama, sai ta daina maƙalewa a duwatsu. In na gama naɗi in ɗiga man farce a kan ƙullin don kada ya warware. In kuma siffar fara nake so, da guntun tsohon silifa nake yin ta, tunda ba ya nutsewa, in sa mata ƙafafu da kyauron roba. Duk ƙwaro ɗaya bai kai dala ashirin ba.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: waya. Tsakanin igiya da ƙwaro akwai siririn zaren roba da kifi ba ya gani sosai, amma haƙorin tsage na datse shi tun cizon farko. Sai an sa waya mai tsawon taƙi ɗaya a gaba. Ni igiyar birkin babur nake warwarewa in zaro sili. Yawancin ɗaurin nan da damina nake yin sa, lokacin da kogi ba ya yi mini, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalilin da ya sa damina ba ta yi mini shi ne abin da ya fi kamata mai son wannan su ya fara sani, tun kafin sanda. Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa, daga tsaunukan Gine ya taso, yana tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku a Najeriya. A Yamai sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, Agusta zuwa Satumba. Ruwan sama ne na nan kusa, da wanda kogunan Gorouol da Dargol da Sirba ke kwasowa daga ɓangaren Burkina Faso, ja wur da laka. Ita ce ta yi mana ɓarna a 2020, sa'ad da ma'aunin Yamai ya kai mita 7 a watan Satumba, ruwa ya fasa shinge ya shiga Lamorde da wasu unguwannin Harobanda. A irin wannan ruwa kifi ba ya ganin abin da ke gaban hancinsa. Lokacin tarwaɗa ne, mai neman abinci da gashin baki da ƙamshi, lokacin mai tana ne da mai mamari. Gashin zabo ba shi da wari, don haka ba shi da aiki.

Cika ta biyu ruwan Gine ne. Tun damina ya sauka a can, amma sai ya bazu a fadamun Mali wajen Mopti, ya kwanta, ya sauke lakarsa, sannan ya taho a hankali. Ba ya kai ƙarshen cikarsa a nan sai Disamba zuwa Janairu, har ya taɓa Fabrairu, lokacin da mun yi watanni ba mu ga ɗigon ruwan sama ba. Ɗan Adar kamata abin ya daɗe yana ba shi mamaki: ga hazo, ga leɓe na tsagewa, ga kogi kuma ya cika taf. Wannan ruwan ya fi duhu, ya fi tsabta. Da ya fara ja baya, daga Fabrairu zuwa Afrilu, duwatsu na fitowa, ruwa na matsewa ta tsakaninsu da gudu, ƙananan kifaye na taruwa, tsage na biye da su. Kwanakina ke nan. Daga Mayu kuma sai yashi ya mamaye, har a wasu wurare shanu su haye da ƙafa. Manya na tuna Yunin 1985, da kogin ya daina gudu gaba ɗaya a Yamai.

Wannan duka ana iya karanta shi a takardun hukumar kula da kogin, wadda ƙasashe 9 suka haɗu a cikinta kuma mazauninta na nan Yamai. Abin da takarda ba ta faɗa, wajen wani tsohon Basarke na same shi, mutumin Gaya, wanda ke ajiye jirginsa sama da Gudel. Shi ke tuƙa ni, kuma ina biyan sa kuɗin safiyarsa cif, domin duk sa'ar da ya yi da ni sa'a ce da bai jefa birgi ba. Ranar da ya fara ganin akwatin ƙwarina, ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Malam, duk kifin da ya yarda da wannan, ai gara a cire shi daga cikin ruwa, kada ya haifi irinsa."

Bai taɓa riƙe sandata ba, ba ya kuma so. Amma shi ke cewa, "Nan." Bayan dutse, inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya har aka ga layin kumfa a tsakani, nan tsage ke laɓewa yana jiran abin da gudu zai kawo masa. Inda zalɓe ya tsaya bai motsi, akwai ƴan kifi. Inda ƴan kifi suka watse bisa ruwa a lokaci guda, akwai mai kora a ƙasa. Yana juya jirgi ta yadda inuwarmu ba za ta faɗa wurin ba, in kuwa na buga ƙafa a katako sai ya harare ni.

"Baba, ai da nisa."

"Kifi na ganinka, mai jar koma. Zauna."

Shi ya koya mini kuma cewa ruwa na da masu shi. Ba a wurga ƙugiya a kan kallin wani, ba a ratsa inda aka shimfiɗa mamari, kuma in ka je sabon masauki sai ka gaida sarkin ruwan wurin ka faɗi abin da ya kawo ka. Takardar izinin su ta ma'aikatan gandun daji daban, gaisuwar nan daban, kuma ɗaya ba ta ɗauke ɗaya.

Cizon tsage ba a bayyana shi da kyau, amma bari in gwada. Ka wurga ƙwaro ƙetaren gudu, ka bar shi ya ɗan nutse, ka riƙa jan igiya da hannun hagu da sauri, ja, ja, ja, domin ya yi kama da ɗan kifin da ya firgita. Kwatsam sai a fizge igiyar daga yatsunka har ta ƙone maka fata. Hannu zai so ɗaga sanda, to kada ka ɗaga. Bakin tsage ƙashi ne, laushin sanda ba ya iya soka masa ƙugiya. Igiyar za ka finciko da hannu, da ƙarfi, sau biyu. Sai ya tashi sama yana kaɗa kai, jikinsa fari fat da ratsin baƙi, wutsiya ja, kuma sau da yawa a tsallen nan yake tofo maka ƙwaronka. Waɗanda ke kuɓucewa sun fi waɗanda ke shiga jirgi yawa, nesa ba kusa ba. Namu na nan ba manya ba ne, yawanci kamu ɗaya ne ko ƙasa da haka. Babban yayansu na kogin Kwango, wanda kan kai wajen kilo 50. Amma ko na kamu ɗaya in ya ja, sai ka manta da shayin da ka zuba.

Giwan ruwa kuwa, wanda kan iya kai kusan mita 2 da kilo 200, shi ne mafarkin kowa. A kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, ita kuma ta haɗu da Kwara a Lakwaja, akwai sansanin da baƙi daga Turai da Amurka da Afirka ta Kudu ke biyan miliyoyin sefa don su yi mako guda suna kama shi da ƙwaron gashi, da dare, cikin rani. Kifayen can dangin namu ne, ruwan ma gida ɗaya ne. Bambancin shi ne can an tsare wurin, kifi na samun shekarun girma. Nan giwan ruwan da ya kai cinya ya riga ya yi sa'a.

Akwai abubuwan da ake gani a bidiyon YouTube da ba na kwaikwaya. Na farko shiga ruwa har ƙugu. Kogunan Nasara sanyi ke gare su, namu tsargiya. Ƙwayarta na fitowa daga katantanwar ruwa, ta huda fata ta shiga jini, kuma ta fi yawa a ruwa mai kwanciya, irin na bakin gonakin shinkafar Saga da Kirkisoye. Maganinta, praziquantel, yana samuwa, amma rashin kamuwa ya fi. A jirgi nake tsayawa ko bisa busasshen dutse. Sai dorina. Ba labarin ƙauye ba ne, suna nan kusa da gari, kuma mai ɗa ba ta tambayar me ya kawo ka. In Baba ya ce mu koma, ba na cewa saura wurgi ɗaya. Igiyar da aka yi don ƙasar sanyi kuma, rana ta Afrilu na sa ta yi laushi ta riƙa manne wa sanda, don haka mai aiko maka da ita ya nemi ta ƙasar zafi, mai nauyi lamba 8 ko 9. Iskar hunturu tana tashi da hantsi daga gabas maso arewa, tana mayar maka da ƙugiya a ƙeya, shi ya sa nake gamawa kafin rana ta yi sama. Ayoru da gandun W, inda aka san kifi da girma, halin tsaro ya rufe mana su a yanzu. Iyakata wajen Bubon, kuma ko can sai na tambayi mutanen wurin tukuna.

Inda na rabu da masu wannan su na ƙasashen waje shi ne maganar saki. Su a wajensu ƙa'ida ce: ka kama, ka ɗau hoto, ka mayar. Da na faɗi haka a fadarmu, wani malami da muke shan shayi tare ya ajiye kofinsa. Ya ce soka wa dabba ƙarfe a baki, a wahalar da ita, ba don ci ba sai don nishaɗi, abu ne da ya kamata Musulmi ya tsaya ya duba, ya kuma kawo hadisin da ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi. Samarin fada suka so mai da maganar wasa. Ni na ga yana da hujja. Na ga kuma su ma masu sakin suna da tasu, domin inda dubban mutane ke su don shaƙatawa, in kowa ya tafi da abin da ya kama, kogi zai ƙare.

Ga inda na tsaya. Ina zuwa da niyyar abin miya. Wanda ya isa tukunya ina buga masa kai nan take in sa a buhu, in raba da Baba. In na samu abin da gidana zai ci, na naɗe igiya, ko da kifi na ci gaba da cizo. Ƙanana da masu cikin ƙwai ina mayarwa, kuma don kada in yaga musu baki, ina matse ƙayar ƙugiya da filaya tun a gida, in jiƙa hannu kafin in taɓa su. Sakin da ba na yi shi ne na neman hoto.

In ma gaskiya za a bi, ba mai sanda ɗaya ke ƙarar da kifin Yamai ba. Ku je bakin ruwa da rani ku ga sangen da aka raba don sauro an mai da shi taru, yana kwaso ƴan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Doka ta hana raga mai ƙananan idanu, ta hana guba da nakiya, amma mai jan sangen yunwa ce ta tura shi, kuma ban ga yadda zan tsaya da sandar Beljiyam in yi masa wa'azi ba. Ga yashin da ƙoramu ke zubowa kowace damina yana cike guraben da manyan kifaye ke kwana. Ga kainuwa tana rufe bakin gaɓa. Madatsar Kandaji, da aka aza harsashinta tun 2008 sama da Tilaberi, an tsara ta ne don wutar megawat 130 da noman rani da kuma riƙe ruwa a sake shi lokacin ƙaranci. Ranar da ta fara aiki, lissafin watannin da na zayyana a sama sai an sake shi. Baba na cewa birgin da mahaifinsa ke jefawa, yatsa uku ke shiga idonsa. Nasa na yau, biyu da ƙyar.

Wanda abin ya ba shi sha'awa ba sai ya jira ɗan'uwa daga Turai ba. Ya nemi doguwar gora mai laushin kai, ya ɗaura zaren roba daidai tsawonta ko ya ɗan fi, ya sa ƙaramar ƙugiya mai jikin silifa da fiffiken gashin kaza. Ya jira daren da ruwan farko ya sauka, shinge ya fito ya cika fitilu. Washegari da sassafe, kafin ƙoramu su rina kogi, kawara na tasowa tana tsintar waɗanda suka faɗa ruwa, kuma ba ta tsayawa bincike. Kwanakin ba su da yawa, don haka a shirya tun Mayu. Mai sanda da igiya kuma ya fara koyon kaɗi a filin ƙwallo, da ɗan ƙullin ulu maimakon ƙugiya. Yaran unguwa za su taru su tambaye shi ko kifin ƙasa yake nema, wannan ba makawa. Ranar da zai sa ƙugiyar gaske, ya sa tabarau da hula mai rufe kunne, kuma ya tabbata mai tuƙa jirgi na zaune ta ɓangaren da igiya ba ta bi.